Jan Zaren Inna

A gidansu kyauta ba ta daɗewa a hannun mai ita. Inna ce ke saƙawa, ita ce kuma ke warwarewa. Bana ta saƙa maka suwaita, ka sa ka yi ta yanga a layi, baɗi da ta ga hannun rigar ya ɗage maka sai ta kira ka ta ce cire. A gaban idonka za ta lalubo bakin zaren ta ja, rigar ta riƙa zubewa layi bayan layi, kafin ka gama jimami ta zama safar ƙanenka. Inna ba ta sayen sabon ulu muddin akwai tsoho a jikin wani. Cewa take yi zaren lafiyarsa ƙalau, yaron ne ya yi girma.

Wadda ta fi kowa ɗanɗana wannan hukunci ita ce babbar 'yarta, wadda kowa ke kira Yaya, har maƙwabtan da suka girme ta. Warwara aikin mutum biyu ne. Ɗaya zai miƙa hannuwansa biyu gaba, ɗayan ya riƙa naɗa zaren a kansu, daga nan a wanke, a turara a bakin buta don lanƙwasar ta miƙe. Da yake Yaya ce babba, ita ce mai miƙa hannu. Wato tana tsaye tana kallon rigarta tana ƙarewa, kuma a kan hannuwanta ake tara gawar. In ta sauke hannu don gajiya a ce ta cika son jiki. In ta yi hawaye a ce ai ƙanenta za a yi wa, ba bare ba.

Kayan kullum ƙasa suke gangarawa. Daga Yaya zuwa ƙanenta namiji, wanda yanzu ake kira Makaniki, daga shi zuwa Auta. A wurin Auta tafiyar ke tsayawa, tunda babu kowa a bayanta. Shi ya sa yau Auta ke da akwati guda shaƙe da huluna da safuna da 'yan riguna, an jefa musu kafur, tana fito da su tana nuna wa baƙi tana cewa duk Inna ce ta yi mata da hannunta. Yaya kuwa, da rabin zaren akwatin nan a jikinta ya fara ɗumi, abu ɗaya tak ta tsira da shi.

'Yar jaka ce ja, ba ta fi tafin hannu ba, da igiyar zuge baki. Inna ta ba ta ita lokacin da ta samu aiki a siton wani kamfanin rarraba magunguna aka damƙa mata makullai. Babu wani jawabi. Ta ajiye mata a kan gado ta ce kada ta zubar da makullan mutane. Yaya ta juya jakar ta sake juyawa, ba ta tuna ta taɓa ganin wannan jan a jikin kowa a gidan ba. Sai ta yanke wa kanta cewa sabon ulu ne, Inna ta taka ta je kanti ta sayo dominta ita kaɗai. Ba ta tambaya ba, don tana tsoron amsar, ta dai riƙe abinta a haka.

Yanzu ta haura arba'in, tana zaune ita kaɗai a wani gidan sama can ƙarshen gari, jakar kuwa har yau tana rataye a wuyan hannunta. Launin ya koɗe, ƙasan ya sule, akwai wani siririn makulli da kullum ke leƙo kai ta wani ɗan rami, ita kuma ta mayar da shi da babban yatsa ba tare da ta duba ba. A wurin aiki in aka ji ƙarar makullai a baranda kowa ya gyara zama, don Yaya ba ta da wasa, kuma ba ta neman a so ta.

Da ɓarin jikin Inna ya shanye, gidan Auta aka kai ta. Yaya ba ta yi gardama ba. Magani dai ba ya yankewa, takan haɗa ta ba Makaniki ya kai, amma ƙafarta ta yi nauyi. In ta je ma a tsaye take gaisuwa, tana kaɗa jakar makullai kamar wadda ta bar mota a kunne. A zuwanta na ƙarshe ta lura Inna ta kafe jakar da ido, ba ta ko ƙiftawa. Yaya ta san wannan kallon tun tana yarinya, shi ake yi wa riga kafin a ce cire. Ta tura jakar cikin hannun riga ta yi sallama.

Ba a jima ba sai ga Auta a sito da hantsi, da tsohon cikinta a gaba, tana haki saboda matakala. Yaya na kan tsani tana jera kwalaye, firjin allurai na ta ƙugi a kusurwa. Suka gaisa irin gaisuwar da ba ta kai ciki ba. Auta ta share wani kwali ta zauna ba a ce mata zauna ba, ta fara bayani. Likita ya ce lallai Inna ta riƙa motsa yatsunta, in ba haka ba hannun zai sandare gaba ɗaya. An ɗauko mata kwarashinta, an sayo ulu kala-kala, ta ture. An sayo ja har iri biyu, ta ture da ƙafa.

"Na wurinki take so," in ji Auta.

"Nawa wanne?"

"Yaya, kin fi ni sani."

Yaya ta sauko daga tsanin a hankali, ta tambaya me za a yi da shi. Auta ta shafa cikinta ta ce ai ba sai an faɗa ba, ga jika na tafe, 'yar safa dai za ta fita. Ta faɗi haka ne hankali kwance, don a gidansu in Inna ta nemi zare kowa ya san inda zai nufa.

Yaya ta tambaye ta ko asu ya cinye akwatin nata ne. Auta ta ce na akwati na yaranta ne, tarihi ne, kuma ba su Inna ta nema ba. Ta ƙara da cewa ita abin har kunya yake ba ta, a ce mace kamar Yaya, da albashinta da komai, ta tsaya ja-in-ja a kan tsumman da ko tebur ba zai goge ba, alhali uwarta na kwance.

"Uwata ce tun kafin a san za a yi ki," in ji Yaya. "Ki ce mata saƙon bai same ni ba. Kuma tashi daga kan kwalin nan, magani ne a ciki."

Auta ta tashi, ta kakkaɓe zane, ta ce dama ita ta san za a rina, mutumin da bai taɓa haihuwa ba ina zai san zafin uwa. Ta faɗa ne tana fita, yadda in an tuhume ta za ta ce da ƙofa take. Maganar ta shiga, kuma ta zauna. Yaya ta yini tana jera kwalaye a inda ba nan ne wurinsu ba.

Bayan Auta sai Makaniki. Shi irin mutanen nan ne da ba su riƙe komai a rai, saboda ba su lura da komai ba tun farko. Ka tambaye shi launin safar da ya sa yana yaro, sai ya yi dariya. Ya zo mata gida da yamma da baƙin mai a farce, ya ɗosana a bakin kujera don kada ya ɓata mata, ya ciro wata jakar fata mai zif daga aljihu ya ajiye a tebur. Ya ce ta fi ƙarfi, ta fi kyau, har wurin rataya gare ta. A ganinsa ya kashe wutar ke nan.

Yaya ta kalli jakar ta kalle shi, ta ce ya ɗauke kayarsa tun tana ganinsa da mutunci. Ya yi ta ba ta haƙuri bai san laifin da ya yi ba. Ya ce shi dai abin da ya sani, tun ranar da ta je ta tsaya a kan Inna tana kaɗa makulli, tsohuwar ba ta da zance sai na jan zare. Ta rage cin abinci. Da an buɗe ƙofa sai ta ɗago kai, in ta ga ba Yaya ba ce ta mayar.

Wani zai ji wannan zuciyarsa ta karye. Yaya ranta ne ya ƙara ɓaci. Wato duk rashin zuwan da take yi ba a taɓa ɗago kai an neme ta ba, sai yanzu da ake son a raba ta da abu na ƙarshe. Ta ce wa Makaniki za ta je, amma ba don ta bayar ba. Ta gaji da aike, gara ta faɗa wa Inna a'a baki da baki, abin da ba ta iya yi ba tana ƙarama.

Ta je ranar hutu bayan azahar. Ɗakin Inna na can ƙuryar gidan, taga ɗaya, gado mai ƙarfe a gefe don kada ta faɗo, warin man zafi ya kama labule. An jingina ta da matasai, hannun hagu na kwance a cinya kamar ba nata ba. Abin da ya fara tsone wa Yaya ido shi ne kwandon saƙa a kan gado, da kwarashi, da almakashi, da buta a ƙasa. Auta ta riga ta shirya komai, ko shakka ba ta yi za a kawo. Tana zaune a kujera ta miƙe ƙafafu, Makaniki na tsaye a bakin ƙofa.

Inna na ganinta ta miƙo hannun dama, ba wajen fuskarta ba, wajen jakar.

"Inna, wannan kam a'a," in ji Yaya.

Bakin Inna ya fara motsi. Tun da ciwon ya same ta magana sai da kokawa take fita, kalma ɗaya sai ta tsaya ta nemo ta biyu. Mutanen gidan sun daina jira. Da ta fara, Auta ke ƙarasa mata, wai ita ce ta san yarenta. Inna ta ce, "Zan..." ta tsaya tana jan numfashi, Auta ta cafe ta ce za ta yi wa jariri safa, ai an riga an faɗa mata. Inna ta girgiza kai, ko kuma kan ne ke rawa, don yanzu yakan yi haka. Babu wanda ya tsaya bambancewa.

Daga nan Yaya ta buɗe baki, abin da ta tara tun ƙuruciya ya fito a jere. Ta ambaci shuɗiyar suwaita mai aljihu. Ta ambaci hular da aka cire mata ana sanyi don Makaniki na tari. Ta ambaci ranar da ta ɓoye safa a ƙarƙashin katifa aka gano, aka sa ta miƙa hannu tana shessheƙa. Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi muni. Makaniki ya ce a yi haƙuri a bar tone-tone, ta ce masa ya rufe mata baki, shi da aka yi wa gata ba shi da ta cewa.

"Abu ɗaya kika taɓa sayowa sabo domina," ta ce wa Inna. "Ɗaya. Shi ma sai kin karɓe kin kai musu?"

Sai Auta ta yi dariya. Ba doguwa ba, irin ta hanci.

"Sabo? Wa ya ce miki sabo ne? Hulata ce."

Yaya ta juyo.

Auta ta gyara zama, don ta daɗe tana jiran ranar da za ta faɗi wannan. Ta ce jar hularta ce mai tuntu, Inna ta saƙa mata lokacin Yaya na can makaranta, ba ta dawowa sai da zafi, shi ya sa ba ta taɓa ganinta ba. Duk kayanta babu wanda take so kamar hular nan. Rana ɗaya aka ce Yaya ta samu aiki, aka cire mata ita daga ka tana ihu, kuma ita aka sa ta miƙa hannu. Ta ce sau ɗaya aka taɓa yi mata haka, ba ta manta ba, ba ta kuma yafe ba.

"Ragowata kike rataye da ita shekara da shekaru kina hura hanci," in ji ta. "Yanzu abu zai dawo gidansu, sai me?"

Yaya ta dubi Inna ta tambaye ta ko gaskiya ne, hular Auta ce. Inna ta ɗaga kai alamar e, bakinta na ta ƙoƙarin ƙara wani abu. Yaya ba ta jira ƙarin ba. Kunya ce ta fara rufe ta, ta tuna yadda takan shafa jakar nan a aljihu in an ɓata mata rai a wurin aiki, sannan baƙin ciki ya biyo baya ya kore kunyar. Ta zuge bakin jakar ta zazzage makullan a kan gado. Ta ɗauki almakashin.

Duk wanda ya tashi a gidan nan ya san almakashi ba ya taɓa saƙa sai a ƙarshen zare. In ka ja, zaren zai fito dogo a sake amfani da shi. In ka yanka a tsakiya, ya tashi daga aiki har abada. Yaya ta fi kowa sani, ta kuma san ta inda za ta yanka. Ta datsa jakar daga baki zuwa ƙasa, ta haɗa ɓarin biyu ta sake datsawa, ta sake. Makaniki ya taho zai riƙe ta, ta nuna shi da bakin almakashin ya tsaya. Inna na ta wani sauti a maƙogwaro tana dukan katifa da hannun dama. Da Yaya ta gama ta tattara abin da ya rage ta watsa wa Auta a cinya, wasu suka zube a kan gado.

"Ga hularki nan. A yi wa jariri safa."

Ɗakin ya yi tsit. Auta ta buɗe baki ta rufe, karo na farko ba ta da abin ƙarasawa. Shirun nan ne ya ba Inna filin da ta daɗe ba ta samu ba. Ta ɗauki lokacinta, tana ciro kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kowa na ji.

"Rigarki ce," ta ce. "Ta farko. Ina da cikinki na sayo ulun."

Ta huta. Miyau ya gangaro ta gefen bakinta, babu wanda ya motsa ya goge.

"Aro na ba su. Na maido miki."

Yaya na tsaye da almakashi a hannu. Ta so ta ce ƙarya ne, amma Inna ba ta taɓa wahalar da kanta wajen yi wa kowa ƙarya don ya ji daɗi ba, balle yanzu da kowace kalma ke cin ƙarfinta. Da ƙyar ta tambaya, to in haka ne me ya sa take son ta karɓe.

Inna ta nuna makullan da ke zube a kan bargo, ta taɓa siririn nan da yatsa.

"Ƙasan ya huje. Na gani rannan. Zan gyara." Ta ja numfashi. "Makullin mutane zai faɗi."

Makaniki ya sunkuyar da kai ya fita baranda. Auta ta kakkaɓe jajayen guntayen daga cinyarta kamar masu ƙaiƙayi, fuskarta ta haɗe. Ita ma ta sha nata, don ta gama sanar da ƙawaye cewa Inna na saƙa wa jaririnta abu da hannun ciwo. Ta ce ashe duk hawan matakalar da ta yi da ciki a banza ne, 'yar gaban goshin ce dai za a yi wa aiki. Ta yunƙura ta tashi ta ce bari ta ɗauko tsintsiya, tunda wasu sun iya ɓarna ba su iya shara ba.

"Bar su," in ji Inna. Wannan kam ta fito sarai.

Ta jawo wani yanki da ya faɗa kusa da ita ta ɗora a cinya, ta danne shi da mataccen hannun, ta shiga lalube da yatsun dama. Yatsun sun san aikinsu ko da jikin ya ƙi. Ta samo bakin zare ta ja, ya zo mata a sauƙaƙe, a lanƙwashe, tsawon ɗan yatsa, ya ƙare. Ta ajiye a gefe ta nemo wani. Shi ma haka. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kalli kowa ba, ta ci gaba da ja tana ajiyewa, tana neman mai tsawo.

Yaya ba ta san lokacin da ta ajiye almakashin ba, ba ta kuma san lokacin da ta matsa bakin gadon ba. Ta dai duba ta ga hannuwanta biyu a miƙe a gaban Inna, tafi na kallon tafi, daidai tazarar da aka koya mata tun ba ta kai tsayin gadon ba. Ta so ta sauke, suka ƙi.

Inna ta ɗago ta gan su. Ta tona cikin guntayen ta zaɓo wanda ya fi tsawo, ta ɗora bakinsa a wuyan hannun Yaya na dama, ta ja shi a hankali zuwa na hagu.

Bai kai ba.